Na baro wuƙar Malam a Pitoa

Sha ɗaya ta wuce, kowa ya yi barci ban da ni. Ɗaki ba ya kwantuwa a wannan zafin na Afrilu, shi ya sa na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Waya a hannun dama, sabuwar wuƙa a hagu, na buɗe na rufe ta fi sau talatin.

Da asuba muka bar Garwa ni da Kawu, yau Lahadi, ranar kasuwar Pitoa a nan arewacin Kamaru. Albasa ta sauko sosai, buhu goma sha biyu muka kama. Shayi da biredi a wurin mutuminmu na kullum. Har nan komai lafiya.

Muna cikin lodi sai wata akuya da aka ɗaure a motar da ke kusa da tamu ta zame ta gefe. Igiya ta shaƙe mata wuya, ƙafafu na lilo, harshe a waje. Na sa hannu a aljihu kamar yadda na saba, na zaro wuƙar Malam, mahaifina. Shaf na manta ƙarfen bayanta da ke riƙe baki ya karye tun watan jiya. Ina danna ta a kan igiya bakin ya lanƙwaso, saura ƙiris ya ci min yatsa. Wani Bafillace ne ya zare tasa daga kuben da ke damtsensa ya tsinke igiyar. Da an ƙara minti guda da akuyar nan ta yi mushe, ko ta yanka ba a samu ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ka daina yawo da abin da ba ya aiki. Yau ka sayi wata."

Akwai wani tsoho mai baza kwaɗo da almakashi da tocila a kan buhu, can bayan masu igiya. Wurinsa na nufa. Bayan gaisuwa na ce wuƙar aljihu nake so, mai naɗewa. Idona ya riga ya sauka kan wata baƙa mai sheƙi, 'yar China, wadda ake danna maɓalli bakin ya fito fat. Na ɗauka ina jujjuyawa, ta burge ni ƙwarai.

Ya ce, "Ɗana, kai mai bin hanya ne?"

Na ce, "Kusan kullum, Baba. Albasa nake kaiwa."

"To ajiye wannan. Shinge nawa kake wucewa a mako? Ranar da jandarma ya laluba aljihunka ya danna ta ta fito haka, ba zai kira ta wuƙar yanka igiya ba. Kuma maɓallin nan, ƙurar rani ɗaya ta ishe shi."

Na ajiye. Ya jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin cinyarsa, irin kayan gwanjon da ake hawowa da su daga Duwala, ya zazzage wuƙaƙe uku a gabana. Ta farko ja ce, mai alamar Suwizalan, da almakashi da abin buɗe gwangwani da sukundireba duk a jiki ɗaya. Kyakkyawa ce, amma bakinta gajere, kuma kuɗinta ya kusa na buhun albasa. Ni mai ɓare rake da tsinke igiyar leda ne, me zan yi da kayan aiki goma? Ta biyu Douk-Douk ce, ta Faransa, siririya kamar an danne ta da dutse, ƙotarta ƙarfe ne da aka ninke. A aljihun riga ba za ka san tana nan ba. Sai dai ba ta da makulli, ƙarfin sifirin ne kawai ke riƙe bakin, ni kuwa yatsana bai gama tsorata da abin da ya faru da safe ba. Ga kuma hoton wani dodo a jikin ƙotar, ban ji zan iya shiga masallaci da shi sau biyar a rana ba.

Ta ukun ita ce wannan da ke hannuna. Opinel, lamba 8. Ƙotar itace, mara nauyi, ta zauna a tafin hannu daram. A wuyanta akwai wani zoben ƙarfe, in ka buɗe baki sai ka murɗa shi, shi ke nan ya kulle, ko ka danna da ƙarfinka ba zai dawo kan yatsa ba. Tsohon ya sa na gwada da kaina a kan wani guntun itace. Ya nuna min alamar hannu da kambi a jikin bakin, ya ce in ban ga wannan a buge da kyau ba jabu ce.

Na tambaye shi don me bakin ya yi duhu-duhu. Ya ce baƙin ƙarfe ne, ba inox ba. Inox ba ya tsatsa amma ya fi wuyar wasawa. Wannan kuwa ko a gindin kofin tangaran ka goga ta sau biyar za ta aske gashin hannu. Sharaɗinta ɗaya, kada ta kwana da danshi. "Kai da kake cikin albasa, ruwanta zai ƙara baƙanta ta, wannan ba komai ba ne. Ka dai goge, ka ɗan shafa man gyaɗa. In damina ta zauna itacen zai kumbura ya riƙe bakin, kada ka ja da farce, ka buga ƙarshen ƙotar a kan benci, zai leƙo da kansa."

Wallahi na ji daɗin tsohon nan. Ya yi sallama a sefa dubu huɗu da ɗari biyar bayan mun ɗan ja. Ina laluben kuɗi na fito da wuƙar Malam tare da canji, ya miƙo hannu ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta. Okapi ce, ƙotar ta yi santsi saboda riƙo, watan da taurarin da ke jikinta sun kusa shafewa, bakin ya sirance don yawan wasawa. Ya kai ta kusa da ido ya ce, "Ta Jamus ce." Sannan ya ce in bar masa ita ya rage min ɗari biyar, akwai maƙerin da ke cire irin wannan bakin ya yi masa sabuwar ƙota.

Na ce to. Haka kawai. Kawu na ta danna hon, rana ta take, raina yana kan sabuwa. Na miƙa dubu huɗu na taso.

Hanya lafiya. Taya ɗaya ta yi sanyi kusa da gari, muka sha iska. La'asar a shago. Na rama barcin rabin awa a kan buhuna.

Da magariba na shiga gaida Inna da mangwaro a leda. Na zauna ina fere mata da sabuwar, ɓawon na sauka a zare ɗaya ba tsinkewa, ina ta ba ta labarin zoben da ke kullewa. Ta karɓi yanka ɗaya, ba ta kai baki ba. Ta ce, "Ina ta Malam?"

Na ce ta karye, Inna.

"Na san ta karye. Ina take?"

Na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce da ita ya yanke igiyar ragon sunana. Ta ce duk tafiyar da ya yi Ngaundere da Marwa a bayan manyan motoci tana aljihunsa, in ya dawo ita ce ke wanke rigar, kullum sai ta cire wuƙar ta ajiye a kan taga. Daga nan ta ci mangwaronta, ta ce ya yi zaƙi.

Tun da na fito daga ɗakinta na kasa sukuni. Na shiga intanet ina neman labarin Okapi. A Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902, don kasuwannin ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka, kuma Kamaru na cikinsu a lokacin. A 1988 aka mayar da ƙirar Afirka ta Kudu. Ke nan duk wadda aka buga wa sunan Jamus ta riga wannan shekarar. Ta girme ni. Tsohon ya san haka tun da ya kai ta kusa da ido, ni da na yi shekara tara da ita a aljihu ban taɓa karanta rubutun ba. Ba na zarginsa, ciniki ya yi a fili, ni na amsa.

Sabuwar ba ta da laifi. Gobe da ita zan fita, kuma na san ta fi dacewa da aikina. Amma da na kai ta Malam wurin maƙeri da kaina, ko da ba ta gyaru ba, da yanzu tana kan tagar Inna.

Tsohon ranar kasuwa kaɗai yake zuwa Pitoa, ban karɓi lambarsa ba. Na kira Kawu ɗazu, ya ce mai shayinmu ya san unguwar da yake kwana, zai tambaya da safe. In ba a dace ba sai Lahadi. Kwana bakwai, kuma maƙeri ba ya daɗewa kafin ya fasa ƙota. Na ware dubu biyu na sa a aljihun rigar gobe.