Jan karen ruga da rubutun da aka yi a ƙarƙashin hotonsa

Tunda na ajiye aiki mutane suke tambayata ko albashin ne ya yi kaɗan, ko kuwa na gaji da yawon rugage ne rana tana dukan ƙeya. Babu ko ɗaya a ciki. Waɗanda muka yi aikin rigakafin haukar kare tare sun san dalili, sai dai ta bakin ofis suka ji shi. Ina so su ji ta bakina, musamman ƙannenmu da suka shigo kwanan nan da kyamara a wuya, suna ganin da zarar hoto ya fito tas aikinsu ya ƙare.

Kun san yadda tafiyar take. Malaman dabbobi su ɗauki akwatin sanyi da allurar da aka kawo daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ni kuma in bi su in ɗauko hotunan da za a sa a rahoto. Abin da ba kowa yake riƙewa a rai ba shi ne nauyin abin da ke cikin akwatin nan. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, haukar kare tana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamomin cutar suka riga suka bayyana a jikin mutum, to sai dai addu'a. Hanyar da aka tabbatar tana yanke ta ita ce a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura. Karen ruga kuwa baƙo ba ya kama shi. Mai shi ne kaɗai zai kira shi ya zo, ya rungume wuyansa, ya juyar da kansa gefe har a gama. Sau da yawa ma mai shin yaro ne da bai wuce shekara goma ba. Saboda haka duk lissafin nan na kashi 70 yana rataye ne a kan abu guda: masu karnuka su yarda da kai.

Ni ban zo aikin nan da sanin kare ba. A gida na koya, wajen Goshi, karyar da na tsinta tana 'yar kwikwiya a bayan kasuwa, kunnuwanta cike da kaska, cikinta ya kumbura da tsutsa. Kawo ta gida bai zo da sauƙi ba. Maƙwabta sun yi magana, har sai da na je wurin limamin unguwarmu. Ya tuna mini cewa hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun haɗa da na gadin gida, sannan a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ɗaukar kare mai rai a matsayin najasa, duk da ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Ya ce in yi mata wuri a tsakar gida, kada ta shiga ɗaki, kada kuma ta dami maƙwabta da haushi. Haka aka yi. Da ta kai wata uku aka yi mata allurar farko, daga nan duk shekara. Zaman da muka yi da ita shi ya buɗe mini ido. A wurinta na gane cewa kare idan yana hamma ba lallai barci yake ji ba, yana iya zama a takure yake. Idan yana lasar leɓe yana kawar da kai, roƙonka yake ka ja baya. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, sai ka duba ko jikin a sake yake ko a sandare. A wurinta kuma na koyi bambanta kare siriri da kare mara lafiya, kuma a kan wannan bambancin ne aikina ya ƙare.

Akwai wata ruga a tsakanin Toro da Jos da muka daɗe muna nema su bari mu shiga. Da ƙyar ardonsu ya amince, bayan zuwa da dawowa da gaisuwa da goro. A rugar akwai wani jan kare dogo, mai zurfin ƙirji da ɗamammen ciki, haƙarƙarinsa ana iya ƙirga su daga nesa. Amma gashinsa yana sheƙi, idonsa tar, dasashinsa ja, cinyoyinsa kuwa tsoka ce zalla. Da safe ana zuba masa nono da ragowar tuwo a ƙwaryarsa ta daban. Dare kuma nasa ne. Yana kwana kusa da inda ake ɗaure maruƙa, shi ne zai fara jin dila ko kura ko takun ɓarawo kafin kowa ya farka. Ban taɓa ganin kare mai lafiya kamarsa ba.

Kafin in ɗaga kyamara sai da dattijon mai karen ya tambaye ni.

"Yaro, ina za ka kai hoton nan?"

Na ce, "Baffa, takardar aiki za a sa shi, a nuna cewa kun yi wa karnukanku allura."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, amana ce."

Na durƙusa har gwiwata ta taɓa ƙasa, na jira rana ta ɗan ɗago ta ratso hazo, na ɗauka. Jikan dattijon ya zagaye wuyan karen da hannunsa, karen yana kallon shanu, malamin dabbobi yana zare allura. A cikin duk hotunan da na ɗauka a aikin nan, da shi na fi alfahari, har yau kuma ban canza ra'ayi ba.

Oganmu bai so hotunan ba tun ranar da na kai. Shi abin da yake nema daban ne. Da farko ya ce ina hoton da kare yake kora garke, yana zagaye tumaki yana tattara su. Ya saba ganin karnukan kan iyakar Ingila da Sikotilan a bidiyo, irin da ake kira Border Collie, waɗanda suke sunkuyawa su kafe tunkiya da ido, makiyayi yana yi musu fito daga nesa. Na yi masa bayani cewa kiwonmu ba haka yake ba. Shanun Bafulatani muryarsa suke bi da sandarsa, ya san kowace da sunanta, shi yake shiga gaba ko ya bi baya a burtali. Karensa mai gadi ne. In ka sa shi korar shanu ka ɓata shi, ka kuma firgita garken. Oga ya ce to ai wannan ba labari ba ne. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Sai da aka zo shirin ranar yaƙi da haukar kare ta duniya, 28 ga Satumba, na ga hotona a kan babban ƙyalle a bakin ofis, na kuma gan shi a shafinmu na Facebook. An yanke yaron gaba ɗaya. An yanke malamin dabbobi da shanun. An dusashe launin har jan gashin nan mai sheƙi ya koma kamar toka, an ƙara duhu a tsakanin haƙarƙari. A ƙasa kuma an rubuta da Turanci cewa wannan kare ne da masu shi suka yasar, yunwa ta kusa kashe shi, ƙungiyarmu ta ceto shi.

Na shiga ofishinsa ko zama ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, karen nan ba yunwa yake ji ba. Haka ƙirarsa take. Kuma yana da masu shi, na yi musu alkawari."

Bai ɗago daga kwamfutarsa ba ya ce, "Malam, masu ba da kuɗi ba sa buɗe jaka saboda lafiyayyen kare. Kai dai ka ɗauko hoto, rubutu namu ne."

Na kawo masa misalin da nake ganin zai fahimta, tunda abin da Turawa suka tabbatar ya fi shiga kansa. Karen Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda ake kira Azawakh a ƙasashen waje, a ƙa'idar da masu kiwon karnuka na duniya suka rubuta masa an ce dole a riƙa ganin ƙashi da tsoka ta ƙarƙashin fatarsa. A Amurka ma babbar ƙungiyar masu karnuka ta karɓe shi cikin jerinta a 2019, ana kai shi gasa ana ba shi kyauta da haƙarƙarin nasa a waje. Karnukan Sahel haka Allah ya yi su, don zafi da doguwar tafiya. Karen da ya kamata a tausaya wa shi ne wanda gashinsa yake zubewa da ƙazuwa, dasashinsa ya yi fari saboda kaska ta shanye masa jini. Irinsu suna nan birjik a bayan mahauta da kan bola a cikin gari, da ya ce in ɗauko da na ɗauko masa ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce hoton jan karen ya fi kyau. A nan kam ya yi gaskiya.

Abin da ofis bai lissafa ba shi ne cewa 'yan ruga suna da waya. Wani saurayi daga cikinsu ya ga hoton a ranar kasuwa, ya gane karen gidansu, aka samu wanda ya fassara masa rubutun. Kafin mu koma zagaye na gaba labari ya riga mu, daga masu tallar nono zuwa kara. Da muka isa, dattijon bai fito ba. Ɗansa ne ya tare mu a bakin hanya, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kun gaya wa duniya muna kashe karnukanmu da yunwa. Ku koma da allurarku." Rugagen da ke maƙwabtaka da su ma suka ƙi. Muka juya da akwatin sanyi yadda muka zo da shi.

Idan ka san mutanen nan ka san abin da aka taɓa musu. Mutumin da duk mutuncinsa yana kan yadda yake riƙon dabba, wanda zai kwana da yunwa bai bar ɗan maraƙi da ita ba, shi aka nuna wa duniya a matsayin mai wulaƙanta dabbar gidansa. Ga shi kuma dama sun gaji da yadda ake ba da labarinsu a gari ba tare da an tambaye su ba.

A taron ƙarshen zagaye, da aka tambayi dalilin faɗuwar adadi a yankin, Oga ya ce mai ɗaukar hoto ne bai karɓo sa hannun amincewa a rubuce ba, shi ya jawo rashin fahimta da al'umma. Aka ba ni takardar tuhuma. Wace takarda ce dattijon zai sa wa hannu da za ta halatta a ce ya yasar da karensa? A ɗakin nan akwai mutanen da suke tsaye a wurin ranar da aka ɗauki hoton, sun ga ƙwaryar nonon da idonsu. Kowa ya sunkuyar da kai. Ban riƙe su a zuciya sosai ba, kowa yana da iyali. Amma ban manta ba. Na amsa takardar, na haɗa da ainihin hoton yadda ya fito daga kyamara, da yaron da shanun da komai, na nemi a sauke wancan a kuma je a ba mutanen haƙuri. An sauke na Facebook a ɓoye. Haƙurin kuwa har na bar wurin ba a je ba. Ni na je da kaina, da kuɗin motata, na kai wa yaron hoton a wanke. Dattijon ya karɓi gaisuwata, ya sa aka kawo mini fura, amma da na ɗauko maganar allura sai ya ce a bari tukuna.

Sauran abubuwan da na koya ba su da nauyin wannan, amma za su yi wa wani amfani. Ka sauko daidai tsayin kare, hoton da aka ɗauka daga sama kullum yana mayar da shi abin tausayi. Kada ka kafe shi da ido, kada kuma ka tura masa gilashin kyamara a fuska kai tsaye, ka bari ya sansana ka tukuna. Ka kashe filasha, tana sa idonsa ya yi walƙiya ta kuma razana shi. In yana gudu, kada saurin ɗaukarka ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Baƙin kare a inuwa ake ɗaukarsa ko da sanyin safiya. Lokacin hunturu kada ka canza gilashi a fili, ƙura za ta shige maka ciki. Kada ka shiga tsakanin karya da 'ya'yanta ko da mai ita ya ce ba ta cizo. Idan kuma aka cije ka, ko yaƙushi ne, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan ka nufi asibiti a ranar, kada ka tsaya jiran ganin ko karen zai haukace. Ga masu son ɗaukar kwikwiyo su riƙe a gida: ban da miyar da ta ji albasa, ban da ƙashin kaza dafaffe.

Wanda ya gaje ni kuma, kada ka miƙa hoto sai ka ga rubutun da za a sa a ƙarƙashinsa, ka kuma ajiye ainihin kowane hoto a wurinka da kwanan watansa. In an tura ku rugagen nan na tsakanin Toro da Jos, ka bar kyamara a mota a zuwan farko, ka fara da ardo. Karnukansu sun tsallake allurar bara, kuma yaran da suke riƙe su suna kwana da su a waje ɗaya.