Asabar a Tiga: dutse ba ya firgita

Ƙarfe ɗaya saura na dare. Kowa ya yi barci, ni na kasa. Gara in zauna in rubuta ko zuciyata ta ɗan sauka.

Yau ne dai aka sa ƙaramin Dufuna a ruwa, ɗan kwale-kwalen da na sassaƙa ina kwaikwayon tsohon jirgin nan da aka tono a Dufuna. Masu bibiyata tun watan Satumba sun san abin da na sha a kansa: guntun madacin da na samo a 'Yan Katako na Na'ibawa, ɗan gizagon da Kawu ya sa maƙeri ya ƙera mini, da yatsan da na yanke har Maman Khalifa ta ce in ban bar aikin dare ba za ta ɓoye wuƙaƙen. Wata huɗu cur. Na asalin tsawonsa mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa santimita 5. Nawa ɗaya bisa goma ne: santimita 84 a tsawo, 5 a faɗi, kauri milimita 5. Kaurin nan ya fi komai ba ni wuya, domin madaci in ka matsa masa sai ya tsage, in ka ji tsoronsa kuma jirgin ya yi nauyi. Daren jiya na shafe shi da kakin zuma karo na uku, na naɗe shi a tsohon zani.

Mun fita bayan asuba, hazo ya rufe hanya. Khalifa a gaba, rungume da jirgin kamar jariri. Ummi a baya da kwalin takalmi cike da mutanenta na yumɓu, su shida, waɗanda ta yi mako biyu tana ginawa tana shanyawa a kan katanga. Ta ce su ne fasinjoji. Balbela kuma, ɗan jirgina na iska mai rimot, tana but, an cire mata sanda da ƙyalle. Muka wuce Kura, muka wuce Kadawa, gonakin rani kore shar hagu da dama, na ce wa yara duk ruwan nan daga inda za mu yake fitowa, madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Khalifa ya tambaye ni ko a lokacin an haife ni. Na ce ko Yaya Babba ba a haifa ba.

Da Balbela muka fara, kuma wallahi ta faranta mini rai. Iska ba ta yi yawa ba, ba ta yi kaɗan ba. Ta cika ƙyallenta, ta ɗan kwanta gefe guda, ta yanki ruwa ta tafi har sai da ta zama kamar tsuntsu a idona, na juyo ta da rimot ta dawo. Wasu samari biyu a kan babur suka tsaya suna ɗauka a waya. Ɗaya ya ce ina injin yake, na ce babu, batir ɗin na juya ta ne kawai da jan igiyar ƙyalle, tafiyar duk ta iska ce. Bai yarda ba sai da na ɗago ta ya leƙa ƙasa ya ga dalma.

Dalmar nan ce ta sa na zaɓi wurin da muka tsaya, kuma ina so a riƙe wannan. In ka rage jirgi sau goma, ƙyallensa ya ragu sau ɗari, nauyinsa kuwa sau dubu, iska kuma ba ta san an rage komai ba, yadda take haka take. Shi ya sa ƙaramin jirgin iska ba ya tsayuwa sai an rataya masa nauyi can ƙasa. Masu tseren jiragen mita ɗaya ƙa'idarsu ita ce jirgi kada ya gaza kilo 4, kuma fiye da rabin wannan nauyin a ƙasan yake, yana iya nutsewa har santimita 42 cikin ruwa. Da awonsu na yi Balbela. Ke nan ba ta shiga inda ruwa ke iya idon sawu. Sai na yi ta zagaye har na sami wani gefe mai duwatsu inda taku ɗaya daga gaɓa ruwa ya kai gwiwa, taku biyu kuma ba ka ganin ƙasa. Har murna na yi da na same shi.

Ina kwance zanin Dufuna sai ga wani dattijo ya taso daga wajen da masunta ke shanya koma. Gajere, siriri, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafarsa duk faso. Ya yi sallama, na amsa, na ce, "Baba, barka da aiki, ya sanyi?" Ya ce sanyi lokacinsa ne. Ya dubi Ummi ya ce, "Amarya, ke ma kin zo kamun kifi?" ta ɓuya a bayana. Balbela ko kallo ba ta ishe shi ba. Hannu ya miƙo wa Dufuna, ni kuma da ba na bari kowa ya taɓa shi, ban san lokacin da na miƙa masa ba.

Ya juya shi ciki da baya. Ya bi cikinsa da babban yatsa tun daga goshi har wutsiya, a hankali, idonsa a kan ruwa ba a kan jirgin ba. Ya ƙwanƙwasa gefe da farce ya saurara.

"Wa ya sassaƙa?"

"Ni ne, Baba."

"Gidanku masassaƙa ne?"

"A'a, ma'aikaci ne ni. Sha'awa ce kawai."

"Hannunka na dama ya fi na hagu haƙuri," in ji shi. "Nan gefen ya fi kauri." Gaskiyarsa. Na sani tun Nuwamba, na yi shiru ne don babu wanda ya lura.

Daɗi ya kama ni, na shiga ba shi labari. Na ce kwaikwayon wani kwale-kwale ne da wani makiyayi Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a Dufuna, can ƙasar Fune a Yobe, kusa da Komadugu Gana, a zurfin mita 5. Na ce sai 1994 aka ciro shi, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka yi aikin, awo ya nuna ya kai shekara 8,000, babu jirgin da aka sani ya girme shi a duk Afirka, yanzu yana ajiye a Damaturu. Na nuna masa yadda goshi da wutsiya suka yi tsini, na ce haka na asalin yake, mutanen da ba su san ƙarfe ba suka fitar da wannan. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah mai iko." Sannan ya ce:

"Mutum nawa yake ɗauka?"

Na ce ai Baba na kallo ne, ba ya ɗaukar kowa.

"Ba jirgi ba ne ke nan. Jirgi kafin a tambayi sunan mai shi, wannan ake tambaya."

Na ɗan ji abin, amma na yi lissafi a ka na ba shi amsa. Na ce a awon wannan jirgin, mutum mai kilo 60 giram 60 ne, nauyin ƙwan kaza guda. Ya gyaɗa kai. Ya tsuguna ya tsinto duwatsu kamar girman goro, yana auna kowanne a tafin hannu, yana yar da wanda bai yi masa ba. Ya ɗora jirgin a ruwa, kuma a haka aka yi shigar farko da na yi wata huɗu ina jira, a hannun mutumin da ban san sunansa ba. Ya zauna daram, ya ɗan karkata kaɗan wajen kaurin. Dattijo ya shiga jera duwatsu a cikinsa ɗaya bayan ɗaya, Khalifa na ƙirgawa da ƙarfi. Huɗu, lafiya lau. Biyar. Shida. A na bakwai ruwa ya zo daf da baki, saura kamar kaurin farce, amma bai shiga ba.

Khalifa ya yi tsalle ya ce, "Bakwai, Abba! Bakwai yake ɗauka!" Ni ma har na buɗe baki zan ce haka.

Dattijo ya kwashe duwatsun ya zuba mini a hannu. "Dutse bakwai," ya ce. "Dutse ba ya firgita, Malam. Inda ka ajiye shi nan zai kwana. Amarya, ara mini mutanenki."

Ummi ta dube ni, na ce ta ba shi. Mutanen nata a zaune ta gina su, kowanne ya ɗara ɗan yatsa tsawo, har da mai hula da mai goyo. Ya zaunar da huɗu. Tun a na uku jirgin ya fara rawa, don nauyin yanzu ya hau sama, ga 'yar igiyar ruwa da ni nake ganin ba komai ba ce, alhali santimita 5 a wajensa rabin mita ce. Sai ya sa yatsa ya tura mai goyon zuwa gefe, kaɗan kawai. "Wannan ta ga ruwa ya taɓa mata zani, ta zabura. Na kusa da ita ya miƙe zai riƙe ta."

Ko rufe baki bai yi ba jirgin ya kife. Babu ƙara, babu komai. Ya juya cikinsa ƙasa, mutanen Ummi huɗu suka tafi, ruwan ya ɗan yi ja a wurin, iska ta fara jan jirgin tana nesanta shi da gaɓa.

Ummi ta fasa kuka tana cewa mutanena, mutanena. Khalifa ya zabura ya faɗa ruwa zai kamo jirgin. Taku ɗaya, ruwa a cinyarsa. Ya ɗaga ƙafa zai yi na biyu, dattijon nan ya damƙi wuyan rigarsa ta baya ya fizgo shi, suka zube tare a kan duwatsu.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Na fi dattijon kusa da yaron. Hannuna zai kai gare shi ba tare da na matsa ba. Amma idona a kan jirgin yake. Ina ganin bayansa mai sheƙin kaki yana tafiya, abin da ke raina shi ne ruwa zai shiga ta tsagin wutsiya ya kumbura shi. Ban ga Khalifa ya shiga ba sai da na ji faɗuwarsu. Kuma ni na zaɓi wurin, saboda zurfinsa na zaɓe shi, na kawo yara biyu da ba su iya ruwa ba na tsayar da su a bakinsa.

Dattijo bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Yaron ya yi wa magana, yana matse masa ƙafar wando: "Katako ne, jikana, ba ya nutsewa. Ko gobe ka zo za ka same shi a bakin gaɓa. Kai ne ba katako ba." Ya kira wani saurayi ya shiga kwale-kwale ya ɗauko mana shi, minti biyar ba a yi ba. Ya ce wa Ummi ta yafe masa, zai biya ta da kifi, kuma ya biya, karfasa uku a leda. Na ciro kuɗi, ya ce in mayar. Gwiwar hannunsa ta goge a dutse tana jini, ya wanke da ruwan dam ya koma wajen komarsa.

A hanyar dawowa babu mai magana. Na tsaya na sayi kwandon tumatir don Maman Khalifa ta ce kada in dawo babu shi. Yaya Babba ya kira kan maganar ɗaurin auren Juma'a, na ce to, to, ban san me na amsa ba. Tayar baya tana sacewa, sai an duba ta gobe. Kifin an soya, ban ci ba.

Na gaya wa Maman Khalifa komai bayan isha'i, har da inda idona yake. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce Allah Ya tsare gaba, ta tashi ta shiga ɗakin yara, na ji ta tana tofa musu addu'a.

Tun ɗazu Bagwai ke dawo mini. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau a kan ruwan Watari, 'yan Islamiyya za su Maulidi, aka ciro gawa 29, yawancinsu yara. A lokacin na karanta, na yi salati, na ce lodi ne ya yi yawa kamar yadda kowa ya ce, na wuce. Lodi a wajena lamba ce, kaza ya halatta, kaza ya wuce ƙima. Ban taɓa tsayawa na ga cikin jirgin ba, yarinya ta ji sanyin ruwa a ƙafarta ta miƙe, ta kusa da ita ta riƙo ta, sauran su karkata gefe guda. Sai yau da na ga mai goyon Ummi ta tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙurin da ni ban san ko ina da shi ba.

Duwatsun nan bakwai ashe a aljihuna na zuba su. Na ɗora su a sikelin kicin ɗazu: mafi sauƙi giram 54, mafi nauyi 67. Da tafin hannu ya auna su.

Dufuna yana kan tebur, na kifa shi a kan jarida. Tsagin wutsiya ya ɗan buɗe, sai ya bushe zan san ko gam zai riƙe. Ummi ta kwanta da mutum biyun da suka rage a ƙarƙashin matashinta, ta ce ba za su ƙara shiga jirgi ba. Wandon Khalifa na kan igiya a tsakar gida, har yanzu yana ɗiga.

Asabar mai zuwa zan koma Tiga ni kaɗai, ba da jirgi ba. Zan kai wa Baba goro da maganin ciwon hannunsa, in tambaye shi sunansa, in kuma roƙe shi ko a cikin yaransa akwai wanda zai koya wa nawa iyo in zafi ya shigo.