Abin da na koya a gindin tukunyar nabe

A Japan doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aiki har awa 28 a mako idan ya nemi izini. Ni a wani ƙaramin gidan abinci na samu nawa aikin, a Ryogoku, unguwar 'yan kokawar sumo a Tokyo, inda ake sayar da chanko-nabe, abincin da 'yan kokawar ke ci su tara jiki.

Tukunya ɗaya ake ɗorawa a kan murhun gas a tsakiyar tebur, jama'a su kewaye ta, kowa na ɗiba yana zuba a ɗan kwanonsa. An fi yin ta da kaza lokacin gasa, wai don kaza da ƙafa biyu take tsayawa, shi kuwa ɗan kokawa da hannunsa ya taɓa ƙasa ya faɗi.

Amma ainihin aikin a kicin yake, tun kafin baƙi su iso. Maigidan, wanda tsohon ɗan kokawa ne, ya sa ni gadin romo. Ƙasusuwan kaza suna tafasa a hankali, wata kumfa mai ruwan toka tana tasowa, ni kuma ina tsaye da ludayi ina kwashe ta. Da na ɗan juya baya sai ta sake taruwa. Ba wanda zai taɓa yaba maka a kan kumfa. Shi dai yakan leƙo, ya ɗebi romon a ƙaramin faranti, ya ɗaga ya ga ko ya yi garau, ya wuce bai ce uffan ba.

Zuba kayan ma da tsarinsa: curin naman kaza da karas su fara shiga, sai tofu (awara) da naman kaza na itace (tsiron nan mai kama da lema), ganye kuma a ƙarshe don kada ya narke. Ganin ina kauce wa barasar girki da suke sawa, sai ya riƙa ware mini romon kifi da busasshen ganyen teku.

Wannan tsayuwar ce ta sauya yadda nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Wanke kwalabe, auna sinadari sau biyu, rubuta komai a littafi nan take, duk na daina ɗaukarsu a matsayin aikin yara. Yanzu idan aka haɗa ni da sabon ɗalibi, da su nake fara masa, kuma ina tsayawa mu yi tare, domin na ga yadda kwalba guda mara tsabta ke lalata gwajin wata guda.