Ƙaurarmu daga Wusasa zuwa Jos

Canjin wurin aiki aka yi wa baban yara zuwa Jos, shi ya riga mu tafiya ya kama gidan haya, ni kuma na jira yara suka gama jarabawar zangon farko sannan muka bi bayansa da kaya, ana dab da Kirsimeti, hunturu ya riga ya sauka. Batun ɗaurin kaya ba sai na ja shi ba, duk wadda ta taɓa tashi daga gidan da ta daɗe a ciki ta san yadda bakko ke cika tun ba a je ko'ina ba. Abun da zai kyautu na kyautar, turmina da taɓarya dai nace ƙafata ƙafarsu.

Ni haifaffiyar Wusasa ce, a St Bartholomew aka yi min baftisma, nan aka ɗaura min aure, cocin nan na ginin ƙasa irin na magina Hausawa da ke tsaye tun 1929, lokacin da 'yan mishan na CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, suka tashi daga cikin birnin Zariya suka dawo kusa da dutsen Kufena. Wato garin namu ma ƙaura ce ta raya shi. Amma sanin tarihi daban, a ce yau kai ne zaka bar kabarin iyayenka da maƙwabtan da kuka yi shekaru kuna aron gishiri daban. Kuma gaskiya ina jin tsoron Jos. Na san labarin rikicin Satumba 2001, na san na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, na ji yadda garin ya rabu, wannan unguwar ta Kirista waccan ta Musulmi, kowa ya san iyakarsa.

Daren da zamu tashi matan zumunta suka zo gidan da tulunsu na kiɗa, babu kujera ko ɗaya duk an ɗaure, akan tabarma da buhunan kaya aka zauna. An yi waƙa an yi kuka, sai Gwaggo, yayar babana wadda ita ta rage mana a manya, tace a buɗe mata Irmiya sura 29. Nan take raina ya tafi aya 11, wadda kowa ke rubutawa a katin biki, cewa Allah yana da shirin alheri dominmu. Tace a'a, a fara daga aya 4. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila, mutanen da wani annabi Hananiya ya ce cikin shekara 2 komai zai dawo daidai, shi kuma Irmiya yace musu shekara 70 ne, ku gina gidaje ku zauna, ku yi lambu ku ci amfaninsa, ku yi aure ku aurar. Sai aya 7, ku nemi zaman lafiyar birnin da na kai ku, ku yi masa addu'a, domin cikin lafiyarsa ne zaku sami taku.

Gwaggo ta kalle ni tace, "'Yata, Babila fa aka ce su yi wa addu'a, garin waɗanda suka ci su da yaƙi. Ke ba bauta aka kai ki ba, aiki ne ya kai mijinki. Kar ki je ki zauna kamar baƙuwa kina ƙirga ranar dawowa, kuma in kin durƙusa kar ki ce Allah ya kiyaye unguwarmu, ki ce garin." Nace toh Gwaggo. Matar da ta ga rikicin 1987 da idonta, ta ga na 2011, in tana magana akan zaman tare ba a katse ta.

Da sassafe motar ɗaukar kaya, wato kanta, ta iso. Direban dattijo ne Bazazzagi mai furfura a gemu, shi da yaron motarsa suka jera kaya, firiji a tsaye jikin kan mota, katifu a sama, aka ja tamfol aka ɗaure da igiya tam. Ni da autana muka shiga gaba kusa da shi, manyan yaran kuma ƙanina ya ɗauke su a ƙaramar mota suna binmu a baya. Kafin ya tada mota na karanta Zabura 121 a zuciyata, shi kuma naji yana bisimilla.

Muka ratsa Zariya muka kama hanyar Jos, Maigana, Soba, Dutsen Wai, hazo ya rufe gabas, gonaki duk an girbe sai karan dawa a tsaye da shanu suna kiwo a ciki. Mota mai kaya bata gudu, ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro inda sai an leƙa an tambayi me aka ɗauko, Malam yace kayan gida ne ranka ya daɗe, ƙaura ake. Wajen Pambegua tayar baya ta yi faci, muka sauka muka zauna a inuwa yara suna shan rake har aka gyara.

A Saminaka muka yi doguwar tsayawa. Ƙasar masara ce, buhuna jere a bakin titi ana loda wa manyan motoci, na sayi gasasshiyar masara da ƙosai. Malam yace, "Maman yara, a yi min haƙuri in yi azahar," ya ɗauki butarsa ya tafi. Da ya dawo muka hau hanya sai ya tambaye ni wace unguwa zamu sauka a Jos. Na faɗa masa. Yayi shiru har muka ci tafiya mai ɗan nisa, sannan yace, "Toh, don Allah in mun isa a taimaka a sauke kayan da wuri, ina so in fita daga wajen kafin magariba. Ba don komai ba, kin san yadda garin yake, ni da wannan gemun da hular."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Tun daga Wusasa nake lissafin unguwannin da aka ce kar in kuskura in shiga, ashe mutumin da ke riƙe da sitiyari, wanda duk abun da na mallaka ke bayan motarsa harda ɗana yana barci a kafaɗarsa, shi kuma unguwar da zan kwana yau ita yake tsoro. Ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, ya san inda zai sha mai da inda zai ci abinci, amma akwai layukan da baya son dare ya same shi. A nan ne na gane dalilin da Gwaggo ta nace sai an karanta aya 7. In unguwata kaɗai ce lafiya, direban da zai kawo min kaya bazai iya shiga hankali kwance ba, ni ma bazan iya zuwa sayen tumatir a nasu gefen ba, toh wace irin lafiya ce wannan. Yesu da aka tambaye shi wanene maƙwabcina, Basamariye ya kawo a labarin, mutumin da masu sauraronsa basa shiri da shi, kuma akan hanya abun ya faru, tsakanin Urushalima da Yariko. Nace masa, "Baba, da yardar Allah ba abun da zai same ka, baƙonmu ne kai." Yace Allah ya sa.

Daga Jengre an shiga Filato ke nan, hanya ta fara hawa, kanta tana nishi a giya ta ƙasa, duwatsu suna fitowa ɗaya kan ɗaya kamar wani ya jera su da hannu, iska ta canja. Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma jikinka ne zai fara gaya maka tun kafin a kai garin Mista Ali, na ciro wa auta rigar sanyi daga jaka. Ta Farin Gada muka shiga gari, kasuwar kayan gwari, kabeji da karas da tumatir da koren wake tuli tuli, ana ta ciniki da Hausa, kowa da kowa.

La'asar sakaliya muka isa ƙofar gidan. Na riga na buga wa baban yara waya tun a hanya na gaya masa damuwar Malam, sai muka tarar ya tara samarin cocin unguwar suna jira, kafin kace kwabo an sauke komai, firiji ne kawai ya basu aiki a ƙofar kicin. Wata maƙwabciya da ban taɓa gani ba ta kawo gwate mai zafi a kula tace sannunku da zuwa, aka zuba wa Malam da yaronsa suka ci a tsaye, ɗaya daga cikin samarin yana tambayarsa nawa yake kai kaya Kafanchan don yayarsa zata tashi bayan sabuwar shekara, har suka karɓi lambar juna. Baban yara ya shiga gaban kanta ya raka su har Farin Gada, ya hau keke napep ya dawo.

Daren nan a ƙasa muka kwana akan katifu, sanyi kamar me, bargo biyu biyu. Da muka zo addu'ar dare na sa yara kowa ya faɗi sunan unguwa ɗaya da ya gani a allo ko ya ji a baki, babbar tace Farin Gada, na biyun yace Gada Biyu, baban yara ya ƙara Angwan Rogo da Tudun Wada da Nasarawa da Bukuru, muka yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, muka sa da Malam da zai koma Zariya da asuba. Washegari da rana ya kira yace ya isa lafiya, kuma wai an manta taɓaryata a ƙarƙashin tamfol, zai bada ita a kai wa Gwaggo ta ajiye min har wani ya taho.