Mita Biyu Suka Hana Iyalin Mushe Zuwa Liyon

Tun muna lise Amadu Kuran Daga a Damagaram muke ce masa Mushe, wato malam, don shi ke tashi allo ya warware mana lissafi idan malami ya makara. Sunan kuwa ya bi shi. Da ya ci bak, jarrabawar gama lise, ya tafi jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ya yi bautar ƙasa shekara biyu, aka ɗauke shi malamin kwantiragi a wata makarantar ƙauye ta hanyar Tanut. Can ya yi aure, ƴar ƙanwar mahaifiyarsa aka ba shi. Albashin kwantiragi kowa ya san yadda yake zuwa, sai ya ajiye alli ya kama kai raguna da wake kasuwar Maigatari. Naira ta faɗi a 2016: ka sayi rago da sefa, ka sayar da naira, ka canza ka ga ko uwar kuɗin ba ta dawo ba. Abin da ya kore shi ke nan. Ya sayar da filinsa, ya koma ɗalibi da furfura a gemu, ya tafi Faransa karatun harkar sufuri da ajiyar kaya.

Shekarun farko bai cika ba da labarinsu ba. A lokacin, ɗalibi sai ya nuna yana da yuro 615 a wata, wato jaka 400 na sefa da ɗoriya, kuma aikin da aka yarje masa bai wuce awa 964 a shekara ba. Ya wanke kwanuka, ya yi dako cikin dare, ya samu takardar tuƙin motar ɗaga kaya da suke kira CACES. Yau shi ke riƙe da sito guda a bayan garin Liyon, da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Idan ya turo hotonsa cikin rigar aiki, ƴan fada a Birni su yi ta miƙa wa juna waya.

Amma in ka kira shi, ko minti biyar ba a yi sai ya kawo maganar mita biyu.

Ga yadda abin yake. Mai son ɗauko matarsa da yaransa sai ya cika wata 18 da takardar zama. Sai a duba albashinsa na wata 12 da suka wuce: in iyalin mutum biyu ko uku ne, mafi ƙarancin albashin ƙasar ya isa; huɗu ko biyar, sai an ɗora kashi 10 cikin ɗari, kuma kuɗin tallafin yara ba ya shiga lissafi. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da dabino ba su san shi ba, takardar magajin gari suke so, wanda ya bari wa'adin rajista ya wuce kuwa sai ya bi ta kotu. A nan mutanenmu da yawa ke faɗuwa, musamman in sunan uba ya sha bamban tsakanin takardar haihuwa da fasfo, a nan Mahamadou, a can Mamane. Mushe ya gyara duk wannan, harafi bayan harafi, mutumin lissafi ne.

Saura gida. A manyan birane irin Liyon, mata da miji mita murabba'i 22 ake nema, kowane yaro a ƙara 10. Shi da matarsa da yara biyu, 42 ke nan. Ya kama haya a hawan ƙarshe na wani tsohon bene, mai gidan ya ce masa 44 ne. Ya shafa fenti, ya sayo gadon yara mai hawa biyu, har labule ya rataya. Ranar dubawa wata mata ta zo da ɗan abin awo mai jar fitila, ta haska wannan bango, ta haska wancan. Rufin ɗakin a karkace yake, kuma duk inda tsayinsa bai kai mita 1 da santimita 80 ba, ba a ƙirga shi. Baranda ma haka. Ta rubuta 40. Ya kawo mata shayi, ta ce ta gode, ba ta sha ba.

Wannan shayin ya fi ƙin amincewar yi masa ciwo, a ganina. Yana cewa: «Ni da na tashi a gidan da zaurensa kaɗai ke kwantar da baƙi goma sha, yau a ce ɗakina bai isa ƴaƴana ba? Ni da na koyar da awon fili?» Gaskiya kuskurensa ne, da ya gwada da kansa kafin ya sa hannu da ya gani. Ba wanda ke iya faɗa masa haka.

Ya zo hutu don ya huce, bayan wata tara matarsa ta haihu. Yanzu su biyar ne, 52 ake nema, haya kuwa ta ɗaki uku ba wasa ba ce ga mai aiko da kuɗin cefane, da na ga-ruwa lokacin zafi, da na makarantar ƙannensa. Ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun farkon 2024, maganar biza ta zama wata tafiyar daban.

Inna, mahaifiyarsa, kuwa ko a jikinta. Dama ta ce babbar ƴarsa, takwararta, ba inda za ta je, a ɗakinta take kwana, ita ke miƙo mata buta da asuba. Ya yi mata bayani cewa doka ba ta yarda a ɗauko wasu a bar wasu ba sai da hujjar da ta shafi amfanin yaron. Ta ce ita ce hujjar. Matar tana tsakiya, ta koyi ɗinki, tana zuwa kasuwar Dole sayen atamfa, ta daina tambayar yaushe. Ƙaramin bai san uban ba sai a waya, in ya ga fuskar sai ya leƙa bayan wayar yana nemansa.

Ranar sallar layya Mushe ya kira daga wurin aiki, yana tsaye tsakanin kwalaye, ana nuna masa ragon da ya aiko kuɗinsa ana babbaka kansa. Inna ta karɓi wayar ta ce: «Kai, gadon nan na yara da ka saya, in ba ka amfani da shi ka aiko mana.»