Shirya Maƙala a Kan Tarihin Jaridun Hausa Don Taron Masana

Duk wanda ya zauna rubuta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da zai gabatar a taro, a kan tarihin aikin jarida a Arewa, musamman idan a Zariya yake, abin da ke fara zuwar masa shi ne Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba laifinsa ba ne, domin a garin nan aka fara buga ta a watan Janairun 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Matsalar ita ce yawancin tsakuren da ɗalibai da abokan aiki kan kawo mini in duba musu kafin su aika wa taron ƙara wa juna sani, a wannan labari suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa: Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Talifi, Malam Abubakar Imam a kujerar edita, sai jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus. Duk gaskiya ne, amma mai tantancewa ya karanta shi tun yana ɗalibi, kuma abin da yake nema a cikin kalmomi 250 ko 300 da aka ƙayyade shi ne sabuwar tambaya da hujjar da za ta amsa ta.

A ganina, tambayar tana cikin shafukan jaridar kanta, ba a cikin abin da aka rubuta game da ita ba. Shafin wasiƙun masu karatu kaɗai ya isa a yi maƙala fiye da ɗaya. Su wane ne ke rubuto wasiƙa, malaman makaranta ne, ko ma'aikatan En'e, ko sojojin da ke bakin daga a ƙasar Bama (Burma)? Daga waɗanne garuruwa? Me suke ƙorafi a kai, kuma ta yaya edita yake ba su amsa alhali jaridar ta gwamnati ce? Haka nan mutum zai iya ɗaukar shekarar 1943, lokacin da Imam ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya kwatanta yadda Gaskiya ta ba da labarin tafiyar da yadda West African Pilot ta Legas ta ba da shi. Irin wannan aiki yana da iyaka bayyananniya, shekara ɗaya da jaridu biyu, saboda haka ana iya gabatar da shi cikin minti 15 ko 20 da taro kan ba mai magana ba tare da an yi ta gudu a kan takarda ba.

Akwai kuma fagagen da kusan ba a taɓa su ba. Jaridar Nijeriya ta Arewa ta riga Gaskiya fitowa, tun 1932. A shekarun 1950 NORLA, hukumar adabi ta Jihar Arewa, ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna, irin su Bazazzaga ta Zariya da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano, waɗanda aka yi domin mutanen da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci. Nigerian Citizen, wadda Kamfanin Gaskiya ya fara bugawa da Ingilishi a 1948 kafin New Nigerian ta gaje ta a Kaduna a 1966, ita ma ba a cika kwatanta ta da 'yar'uwarta ta Hausa ba, ko da yake ƙarƙashin rufi ɗaya suka fito. Sai Alfijir, jaridar ajami ta kamfanin Triumph na Kano, wadda masu bincike da dama ke tsallakewa saboda ba su iya karanta ajami da sauri.

Tsakure mai ƙarfi yana faɗin inda hujjar take. Bai wadatar a ce an yi amfani da "tsofaffin jaridu" ba. A ambaci cewa an duba kwafen da ke Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ko Gidan Arewa, ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, daga shekara kaza zuwa kaza, a kuma faɗi gaskiya idan akwai giɓi. Wanda ya taɓa buɗe ɗaurin tsohuwar jarida ya san yadda takardar ke komawa ruwan ƙasa, gefenta yana marmashewa a yatsa, wani lokaci ma kusurwar da ke ɗauke da kwanan wata ita ce ta fita, sai mutum ya lissafo ranar daga lambar fitowar da ta gabata da wadda ta biyo baya. Don haka nake shawartar kowa ya rubuta kwanan wata da lambar shafi a littafinsa kafin ya ɗauki hoto da waya, domin hoton tsakiyar shafi ba ya faɗin ranar da aka buga shi.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya, sakaci ne kawai ke kayar da mutane a kansu. Tarurruka da yawa, na gida irin na Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya da na waje irin na ƙungiyar masana tarihin aikin jarida ta Amurka, suna fitar da sanarwar neman maƙala watanni kafin taro, kuma inda ake tantancewa ba tare da sanin marubuci ba dole ne a cire suna da wurin aiki daga jikin takardar, har da sunan da kwamfuta kan ɓoye a bayanan fayil. Wa'adi idan ya wuce ya wuce.

Ga taron waje akwai ƙarin nauyi biyu. Na farko, mai karatu a can bai san mene ne En'e ko Lardi ba, saboda haka sai a kashe jimla ɗaya ko biyu wajen bayani, a kuma kawo kowace magana da aka ciro da Hausarta tare da fassara, domin wanda ya iya harshen ya auna da kansa. Na biyu shi ne kuɗin rajista da dala da biza da tikitin jirgi, waɗanda ba a fara neman su sai wasiƙar amincewa ta iso. Malaman jami'o'in gwamnati suna iya neman tallafin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'arsu, amma ɗalibin digiri na biyu ko na uku gara ya tambayi masu shirya taron tun kafin ya aika da tsakurensa ko suna ba ɗalibai rangwame, ko kuma suna yarda a gabatar da maƙala ta intanet.