Kafin ka goge tsohuwar laburare, ka tambayi wa ke cin abinci da ita

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, musamman waɗanda suka fara shiga aikin buɗaɗɗun manhajoji da kowa zai iya gani ya gyara, ina so in ba ku labarin kuskure biyu da na yi a kan abu ɗaya, don na ga da yawanku kuna kan hanyar na farkon.

Akwai wata ƙaramar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python da na gada daga hannun wani yayanmu, aikinta haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai, ka zuba mata fayil ɗin Excel ta fito maka da katin kowane yaro da matsayinsa a aji. Ta kai shekara goma tana aiki, makarantu kaɗan ne ke amfani da ita kuma yawancinsu ban ma san su ba. Da na karɓe ta sai na ga laburare biyu a ciki na karanta Excel, xlrd da openpyxl (laburare ita ce shiryayyen aikin da wasu suka rubuta, kai sai dai ka ɗauka ka sa a manhajarka), abin ya riƙa sukan raina, na ce me ya sa za a ɗauki kaya biyu na aiki ɗaya, ga shi xlrd ta tsufa. Wani dare na zauna na cire ta, na gwada da fayilolin da ke kwamfutata komai ya tafi daidai, na saki sabuwar siga na kwanta ina jin na share ɗaki.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne openpyxl ba ta buɗe fayil mai ƙarshen .xls, sai .xlsx wanda ya zo da Excel na 2007. Fayilolina duk sababbi ne shi ya sa ban ga komai ba. Bayan kamar sati uku, daidai ƙarshen zangon karatu, wani malami da ya samo lambata ya kira ni bayan isha'i, murya a gajiye ya ce Injiniya don Allah me aka taɓa ne, tun la'asar nake fama abu ya ƙi buɗewa kuma jibi za mu raba sakamako. Su a makarantarsu wani tsohon fom na .xls suke kwafa duk zango su cika maki a ciki, tun shekarun baya haka suke yi, kuma babu laifinsu ko kaɗan. Na ce Malam ka yi haƙuri ni ne, na kwana ina mayar da abin da na cire. Har yau in na tuna dattijon nan zaune da maki na ɗaruruwan yara yana zaton shi ne ya ɓata wani abu, raina ba ya min daɗi. Yayan nan da ya sa laburare biyun ya san dalilinsa, kuma da na tura masa saƙo ɗaya na tambaya da ya gaya min.

To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, daga nan na koma ɗaya ɓangaren, na daina cire komai. Wannan shi ne kuskure na biyu kuma ya fi daɗewa yana cina. Shafin da ake loda fayil a manhajar da cgi aka rubuta shi, wata tsohuwar laburare da a lokacin take zuwa cikin Python ɗin kanta. Da Python 3.11 ta fito a 2022 ta fara fito min da gargaɗi cewa za a cire cgi, na gani da idona, na rufe gargaɗin don kada ya dame ni na ce ai ba za su cire ba. A Oktoban 2024 sai ga 3.13, duk wanda ya ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta sai ya ci karo da No module named 'cgi' ko tashi ba ta yi. Shekara biyu cur aka ba ni na zauna a kai. Na samu na toshe da legacy-cgi, wato kwafin tsohuwar da aka ajiye a PyPI, rumbun laburarorin Python na intanet, don irina, sannan na zauna na sake rubuta wajen da kyau cikin matsi, aikin da zan iya yi a natse tun farko.

A lokacin ne na je na karanta yadda su masu Python suka yi nasu cirewar, kuma wallahi ina ba kowa shawara ya karanta takardar, PEP 594. Christian Heimes ne ya fara kawo ta a 2019, daga baya Brett Cannon ya shigo, ba a amince ba sai 2022. Laburare 19 aka cire a 3.13, irin su cgi da telnetlib da nntplib da crypt da imghdr da audioop. Dalilinsu mai ƙarfi ne, yawancin masu kula da Python aikin sa kai suke yi, kuma duk fayil ɗin da ke ciki sai an gwada shi, an rubuta masa bayani, in an samu ɓarakar tsaro a tashi a gyara, alhali wasu babu mai kula da su shekara da shekaru. Ɗauki telnet, tsohuwar hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa da telnetlib ke aiki da ita, komai a fili yake tura shi har kalmar sirri, kuma yaro mai koyo in ya gan shi cikin Python sai ya ɗauka abin amfani ne. Don haka barin tsohon kaya shi ma yana da farashi, ni dai na biya.

Amma ku dubi tafiyar. An rubuta wa kowace laburare dalilinta da abin da zai maye gurbinta in akwai, an buɗe wa jama'a su yi magana, kuma maganar ta yi tasiri don akwai waɗanda aka so cirewa aka fasa, kamar wave da aka bari saboda an nuna tana da amfani wajen koya wa yara haɗa sauti. Sannan siga biyu, 3.11 da 3.12, suna ta gargaɗi kafin a cire waɗannan 19 ɗin. Duk da haka sai da wasu suka ji jiki, masu amfani da pydub, wata laburaren sarrafa sauti, sun tarar ta tsaya a 3.13 saboda ta dogara da audioop. In mutanen da suka ba da sanarwar shekaru sun taka wasu, ina ga ni da na cire cikin dare ɗaya ban gaya wa kowa ba.

Yanzu in zan cire abu, farko nakan bi tarihin git, wato inda ake adana duk canjin da aka yi wa manhaja, in ga ranar da aka sa shi da abin da mai sawa ya rubuta, in yana raye in tambaye shi kai tsaye. Sai in nemi fayilolin gaske daga hannun masu amfani in gwada da su, nawa ba sa nuna komai. Sannan gargaɗin in rubuta shi inda malami zai gani a allo da Hausa, da watan da abin zai daina aiki, don gargaɗin da Python ke fitarwa yawanci a ɓoye yake, mai amfani ba ya ganinsa. Ku ma ku riƙa kunna gwajinku da -W error lokaci lokaci, duk gargaɗin da ke kwance zai tashi ya tsayar da ku tun da sauran lokaci. Kuma ba na sakin irin wannan canjin a ƙarshen zango ko kusa da jarrabawa, sai cikin dogon hutu.

Ita xlrd tana nan a manhajar har yanzu. Na sa layi biyu a samanta da ke bayanin dalilin zamanta don wanda zai gaje ni, na kuma rubuta ɗan abin da ke juya .xls zuwa .xlsx da dannawa ɗaya, na tura wa malamin nan ya fara gwadawa da fom ɗinsu. Ya ce in ba su zango biyu su saba, na ce to Malam, kuma ba zan taɓa ta ba sai ya ce sun gama.